Tsohon jiki, sabon inji: yadda ake raya motocin Amurka masu ƙwanji

A duk shekara, wajajen farkon watan Nuwamba, masu ƙera kayan motoci da kanikawa daga sassa daban-daban na duniya kan hallara a birnin Las Vegas na ƙasar Amurka domin bikin baje-kolin da ƙungiyar SEMA ke shiryawa. Daga cikin abubuwan da suka fi ɗaukar hankalin mahalarta akwai wasu motoci da aka ƙera fiye da shekaru 50 da suka wuce, waɗanda idan aka kalle su daga waje sai a ɗauka yanzu suka fito daga masana'anta. Amma da zarar an ɗaga bonet sai a tarar da sabon inji dal, wanda kwamfuta ke sarrafawa.

Wannan aiki shi ne Amurkawa ke kira restomod, sunan da aka ƙirƙiro daga kalmomi biyu na Turanci, ɗaya mai nufin mayar da abu yadda yake tun asali, ɗaya kuma mai nufin yi masa kwaskwarima. Sana'ar ta bunƙasa matuƙa tun daga shekarun 2000, sai dai kuma ta raba kan masu sha'awar tsofaffin motoci gida biyu. Wasu na ganin ta haka ne kawai motocin za su ci gaba da hawa titi, yayin da wasu ke ɗaukar abin a matsayin lalata kayan tarihi. Akwai kuma maganar kuɗi, domin cire injin asali kan ƙara wa wata motar daraja, ya kuma zubar da darajar wata warwas.

Asalin motocin

Motocin da ake magana a kai su ne waɗanda a Amurka ake yi wa laƙabi da muscle cars, wato motoci masu ƙwanji. Mota ce matsakaiciya mai ƙofa biyu, wadda aka ɗora wa ƙaton inji mai silinda takwas da aka jera kamar harafin V, kuma tayoyin baya ne ke tura ta. Akasarin masana tarihin motoci na danganta farkon yayinsu da Pontiac GTO ta shekara ta 1964.

A farkon 1963 kamfanin General Motors ya haramta wa rassansa shiga gasar tsere. Reshen Pontiac, wanda ta hanyar tsere ya yi suna, sai ya nemi wata kafar jawo hankalin matasa. Babban injiniyansa John DeLorean da abokan aikinsa suka ɗauko inji mai lita 6.4 na manyan motoci suka ɗora wa matsakaiciyar motarsu samfurin Tempest. Ƙa'idar kamfanin ta hana a sa wa irin wannan mota injin da ya wuce lita 5.4, saboda haka suka yi dabarar sayar da shi a matsayin ƙari da mai saye zai nema da kansa. An yi hasashen sayar da motoci 5,000, amma a shekarar farko kawai aka sayar da 32,450.

Lokacin ya dace da irin wannan haja. Yaran da aka haifa bayan yaƙin duniya na biyu sun kai shekarun tuƙi, ayyukan yi sun wadata, galan ɗin fetur kuma bai wuce kimanin santi 30 ba. A watan Afrilun 1964 kamfanin Ford ya gabatar da Mustang, kuma cikin ƙasa da shekaru biyu ya ƙera fiye da miliyan ɗaya. Chevrolet ya mayar da martani da Camaro a watan Satumban 1966, yayin da Chrysler ya fara sa wa motocin Dodge da Plymouth injinsa na tsere mai suna Hemi, mai lita 7 da ƙarfin dawaki 425. Gasar ta kai ƙololuwa a 1970, lokacin da Chevrolet ya fito da Chevelle mai lita 7.4 da ƙarfin dawaki 450.

Yadda yayin ya wuce

Ba a fi shekaru biyar ba bayan haka yayin ya shuɗe. Kamfanonin inshora, bisa la'akari da yawan haɗurran da matasa ke yi, sun tsawwala kuɗin da suke karɓa a kan waɗannan motoci. A 1970 majalisar dokokin Amurka ta zartar da dokar tsabtace iska, wadda ta tilasta rage hayaƙi mai guba. Daga 1971 General Motors ya rage matsin da injinansa ke yi wa mai a cikin silinda domin su iya shan fetur marar darma, abin da ya rage musu ƙarfi.

Sai kuma a watan Oktoban 1973 ƙasashen Larabawa masu arzikin mai suka daina sayar wa Amurka mai saboda goyon bayan da ta bai wa Isra'ila a yaƙin wannan shekara. Aka shiga dogayen layuka a gidajen mai, kuma a farkon 1974 gwamnati ta ƙayyade gudu a manyan hanyoyi zuwa mil 55 a sa'a guda, kimanin kilomita 89. Mustang ɗin da aka sayar a Amurka a 1974 ko injin silinda takwas ba ta da shi. Motocin da ake rububinsu a da suka koma kwantai a kasuwar tsofaffin motoci, da yawa aka yi watsi da su a gonaki da bayan gidaje, inda ruwa da tsatsa suka ci rabonsu. Sai daga shekarun 1980, da matasan wancan zamani suka manyanta suka kuma yi kuɗi, aka fara nemansu ruwa a jallo.

Dalilin sauya inji

Wanda ya sayi irin wannan mota a yau yakan gane cewa kyan kallonta daban, daɗin tuƙinta daban. Injin na amfani ne da kabureta, wadda ke gauraya mai da iska ba tare da sanin yanayin zafi ko sanyi ba. Motar kan yi gardamar tashi da sanyin safiya, ta ɗauki zafi a cunkoson ababen hawa, ta kuma buƙaci a riƙa yi mata saiti a kai a kai. Man da aka ƙera ta dominsa ma babu shi, domin tun ranar 1 ga Janairun 1996 aka haramta sayar da fetur mai darma ga motocin kan titi a Amurka. Akasarin fetur ɗin ƙasar kuma na ɗauke da kashi 10 cikin 100 na sinadarin etanol, wanda ke cinye tsofaffin robobin layin mai.

Giyar ma matsala ce. Mafi yawan motocin giya uku ko huɗu gare su, kuma a giyar ƙarshe injin da farfela gudu ɗaya suke yi. Idan aka haɗa da irin giyar baya da ake sa musu domin fizga, sai ya kasance a gudun kilomita 110 injin na juyawa fiye da sau 3,000 a minti guda, yana ruri yana kwankwaɗar mai. Giyabos na zamani mai giya shida kan sauko da wannan zuwa wajajen 2,000 ko ƙasa da haka.

Hatta alƙaluman ƙarfin da ake alfahari da su na buƙatar bayani. Kafin 1972 ana auna ƙarfin inji ne a kan teburin gwaji, ba tare da salansa da sauran kayan da ke jan ƙarfinsa a cikin mota ba. Daga wannan shekara aka koma auna shi da kayansa cif. A 1971, lokacin da Chrysler ya wallafa ma'aunin biyu, Hemi mai dawaki 425 ya tashi da 350 a sabon lissafi. Ke nan injin zamani mai dawaki 430 ya zarce shi nesa ba kusa ba, ko da yake a takarda tazarar ba ta da yawa.

Injinan da ake sawa

Injin da ya fi kowanne farin jini a wannan sana'a shi ne dangin LS na General Motors. Na farkonsu, LS1, ya fito ne a cikin Corvette ta 1997, mai lita 5.7 da ƙarfin dawaki 345, kuma da alminiyum aka zuba shi. A Corvette ta 2008 aka gabatar da LS3 mai lita 6.2 da dawaki 430, wanda kamfanin ya riƙa sayarwa shi kaɗai a cikin akwati ga duk mai so.

Dalilai uku ne suka ɗaukaka shi. Na farko, bai da girman jiki, domin sandar da ke buɗe bawul-bawul ɗinsa guda ɗaya ce kuma a tsakiyar injin take, kamar dai tsohon injin Chevrolet na 1955, saboda haka yakan zauna a gurbin tsohon ba tare da an yanka jikin mota ba. Na biyu, bai da nauyi: tsakaninsa da ƙaton injin zubin ƙarfe na da akwai bambancin kimanin kilo 100, kuma duk a kan tayoyin gaba nauyin yake. Na uku shi ne araha. Tun daga 1999 kamfanin ya sa ƙannen wannan inji, masu lita 4.8 da 5.3 da 6, a miliyoyin motocin a-kori-kura, don haka ana samunsu birjik a wuraren da ake jibge motocin da suka yi haɗari. Mai ƙaramin ƙarfi kan sayi irin wannan ya wanke ya ɗora.

Masu Mustang kuwa sun fi karkata ga injin Ford mai suna Coyote, mai lita 5, wanda ya fito a Mustang ta 2011 da dawaki 412. Shi sandunan bawul huɗu gare shi kuma a saman injin suke, abin da ya sa yake da faɗin kafaɗa. Domin ya shiga Mustang ta shekarun 1960, akasari sai an yanke ƙarafan da ke riƙe da sifirin na gaba an sauya tsarin ƙafafun baki ɗaya. Wannan yanka ne da ba a iya mayar da shi cikin sauƙi. Su ma masu Dodge da Plymouth ba a bar su a baya ba: a 2017 reshen kayan gyara na Mopar ya gabatar da Hellcrate mai dawaki 707, sannan a 2018 ya nuna Hellephant mai dawaki 1,000 a cikin wata Dodge Charger ta 1968.

Yadda aikin ke gudana

Chevrolet Camaro ta 1969 na daga cikin motocin da aka fi yi wa wannan aiki, kuma ta isa misali. Wani injiniyan General Motors mai suna Mark Stielow ya yi suna tun shekarun 1990 wajen gina irinta domin ta iya shan kwana da tsayawa kamar motar zamani, salon da daga bisani aka sa wa suna Pro Touring.

Matakin farko bai shafi inji ba ko kaɗan. Akan kwance motar ne ƙusa bayan ƙusa har sai ƙwaryar jikin kaɗai ta rage, a kankare fenti zuwa tsurar ƙarfe. A nan ne gaskiya ke fitowa, domin sau da yawa akan tarar tsatsa ta cinye daɓen motar da kasan but da gefen tagogi, an kuma lulluɓe ɓarnar da ƙullin ciko a wani gyara na baya. Sai an yanke ruɓaɓɓen wuri an yi waldar sabon ƙarfe. Wannan mataki ne ya fi cin lokaci da kuɗi, kuma a nan ne ayyuka da yawa ke tsayawa cak, motar ta shekara da shekaru a gareji a warwatse.

Camaro ba ta da cikakken shasi daga gaba zuwa baya. Guntun shasi ne a gaba ke ɗauke da inji, sauran nauyin kuma jikin motar ne ke riƙe da shi. Idan aka ninka ƙarfin injin, jikin kan murɗe har ƙofofi su daina rufuwa daidai. Saboda haka akan haɗa gaba da baya da sandunan ƙarfe ta ƙasa, wasu ma sukan sayi sabon shasi sukutum su ɗora jikin a kai.

Bayan haka sai zaman injin. Ana buƙatar sabbin ƙafafun da za su riƙe shi, da kaskon baƙin mai da ba zai bugi ƙarfen sitiyari ba, da bututun hayaƙi da aka lanƙwasa domin wannan gurbi. Tilas injin da giyabos da farfela su kasance a kan kusurwar da ta dace da aksul ɗin baya, in ba haka ba motar za ta riƙa karkarwa idan ta ɗauki gudu. Tsohon aksul ɗin ma ba ya jure sabon ƙarfin, shi ya sa da yawa ke maye gurbinsa da samfurin Ford mai inci tara, wanda aka fara ƙerawa a 1957, ko da kuwa motar ta Chevrolet ce.

Tsarin mai kuma sabo ake yi. Kabureta ɗan matsi kaɗan take buƙata, amma injekta na bukatar matsin da ya ninka wannan kusan sau goma, don haka sai an sa famfon lantarki a cikin tanki da sabbin bututu masu juriya. Kuskure a wannan wuri gobara yake haifarwa. Daga nan sai wayoyi, waɗanda su ne suka fi ba kanikawan da suka saba da tsohon yayi wahala. Kwamfutar injin na karɓar bayani daga na'urori da dama, kan yawan iskar da ke shiga, da zafin ruwa, da iskar da ta rage a cikin hayaƙi, sannan ta yanke yawan man da za ta fesa da lokacin da za ta ba fulogi wuta. A LS3 ko totur ɗin ma ba waya ce ke jansa ba, saƙon lantarki yake aikawa. Akan ƙara da sabon lagireto na alminiyum da fankar lantarki, da na'urar sanyaya ɗaki.

Masu sana'ar na yawan jan kunnen cewa ƙara wa mota gudu ba tare da ƙara mata birki ba neman ajali ne. Camaro gama-gari ta 1969 ta fito ne da birki mai ganga a ƙafafu huɗu, wanda kan yi sanyi idan ya ɗauki zafi, da kuma siraran tayoyi a kan wili mai inci 14. Akan sauya su da birki mai faifai, wanda girmansa kan tilasta amfani da wili mai inci 17 ko 18. Wannan ne ma ya sa ake saurin gane motar da aka yi wa aikin tun daga nesa. Idan ƙwararru ne suka yi shi daga farko zuwa ƙarshe, aikin kan ci sa'o'i fiye da 1,000, kuɗinsa kuma kan haura dala 100,000, kuma ba kasafai mai motar ke mayar da abin da ya kashe ba idan ya tashi sayarwa.

Abin da gyara ba ya iya yi

Sabon birki da sabbin tayoyi na taimaka wa direba ya kauce wa haɗari, amma idan haɗarin ya auku, jikin motar na nan a matsayinsa na da. A 2009 cibiyar binciken kiyaye haɗurra ta kamfanonin inshorar Amurka, IIHS, ta gwara Chevrolet Bel Air ta 1959 da Chevrolet Malibu ta 2009 gaba da gaba, kowacce na gudun kimanin kilomita 64. Mutane da yawa sun zaci tsohuwar, mai kaurin ƙarfe, za ta yi rinjaye. Amma sai ɗakin direbanta ya rufta, sitiyari ya doki mutum-mutumin da aka zaunar a ciki, yayin da ɗakin Malibu ya tsaya kusan yadda yake.

Motocin ƙarshen shekarun 1960 sun ɗan fi ta 1959 kariya, domin daga 1967 General Motors ya fara sa sandar sitiyari mai lotsawa, daga 1968 kuma doka ta wajabta ɗamarar kafaɗa a kujerun gaba. Duk da haka ba a tsara gabansu domin ya shanye ƙarfin karo kamar na motocin yanzu ba, ba su kuma da jakar iska. Ana iya ƙara ɗamara mai kyau da kujeru masu matashin wuya, amma mota mai dawaki 600 a cikin jikin 1969 ta fi ta asali saurin kai mai ita ga gudun da jikin ba zai iya kare shi ba.

Taƙaddama kan asali

A kasuwar tsofaffin motoci babu abin da ya kai asali tsada. Masana'antun kan buga wani ɓangare na lambar mota a jikin injinta, kuma motar da lambar injinta ta dace da ta jikinta ita ce ake kira mai lambobi daidai. A watan Yunin 2014, a wani gwanjo da kamfanin Mecum ya gudanar a birnin Seattle, an sayar da Plymouth Hemi Cuda ta 1971 mai buɗaɗɗen rufi a kan dala miliyan 3.5. Irinta da aka ƙera a wannan shekara ba su kai 15 ba, kuma tana ɗauke da injinta na asali. A watan Janairun 2020 kuma aka sayar da Mustang ta 1968 da Steve McQueen ya tuƙa a fim ɗin Bullitt a kan dala miliyan 3.74, da koɗaɗɗen fentinta da tabon tsatsarta. Wanda ya ce zai zamanantar da irin waɗannan, garin gyaran gira zai rasa ido.

Sai dai irin waɗannan motoci 'yan ƙalilan ne. Daga cikin Camaro 243,085 da aka ƙera a samfurin 1969, guda 69 ne kacal ke da injin alminiyum na ZL1, 20,302 kuma samfurin Z/28 ne. Mafi yawan sauran motocin zuwa aiki da cefane ne, wasu ma silinda shida gare su da dawaki 140. Da yawansu sun rabu da injinsu na asali tun da daɗewa. Mayar da irin wannan mota yadda take kan ci kuɗin da ya fi darajarta, alhali idan aka zamanantar da ita da kyau takan fi tsada a gwanjo, musamman a wajen masu saye da suka taso da motocin da ke tashi da murɗa makulli sau ɗaya. Fina-finai ma sun taimaka: Mustang ta 1967 da aka yi wa kwaskwarima aka sa wa suna Eleanor a fim ɗin Gone in 60 Seconds na shekara ta 2000 ta sa mutane da dama kwaikwayonta.

Masu adawa na cewa motar gama-gari ma shaida ce ta zamaninta, kuma idan kowa ya yanka tasa, wata rana za a wayi gari babu wanda ya san yadda motar talakan Amurka ta 1969 take. Suna kuma nuni da cewa abin da ake kira na zamani a yau shi ma zai tsufa, kamar yadda kwaskwarimar shekarun 1980 ta zama abin dariya. Magoya baya kuwa na cewa motar da ake hawa ta fi wadda ke ruɓewa a bayan gida.

Abin da doka ta ce

Dokoki sun bambanta daga wuri zuwa wuri. A jihar Kalifoniya, wadda ta fi kowace jiha tsanani kan hayaƙi, motocin fetur na 1975 zuwa baya ba sa cikin gwajin hayaƙin da ake yi duk shekaru biyu. Amma daga samfurin 1976, duk injin da za a sauya sai ya kasance na shekarar motar ko wanda ya biyo baya, da cikakkun na'urorinsa na tace hayaƙi. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa Chevrolet ya fito da wani LS3 mai suna E-ROD, wanda ke zuwa da matatun hayaƙinsa da amincewar hukumar kula da iska ta jihar.

A Turai an fi ba asali muhimmanci. Tun 1997 Jamus ke ba motar da ta shekara 30 lamba ta musamman mai harafin H, wadda ke tattare da haraji na bai-ɗaya da izinin shiga unguwannin da aka hana motoci masu hayaƙi. Sharaɗin shi ne motar ta kasance kusa da asalinta, duk wani sauyi kuma ya dace da zamaninta, don haka Camaro mai sabon LS3 ba za ta samu ba. A Birtaniya, daga watan Mayun 2018 an ɗauke wa motar da ta shekara 40 gwajin lafiyar mota na shekara-shekara, muddin ba a yi mata gagarumin sauyi ba cikin shekaru 30 na baya.

Akwai kuma hanyar da ba ta taɓa tsohuwar mota ko ɗaya. Kamfanin Dynacorn na sayar da sabuwar ƙwaryar jikin Camaro da Mustang na shekarun 1960 bisa lasisin masu su. Wata doka da Amurka ta zartar a 2015 kuma ta bai wa ƙananan kamfanoni damar ƙera har motoci 325 a shekara masu kama da samfurin da ya shekara 25 ko fiye, ko da yake sai a 2022 hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasar ta kammala ƙa'idojin aiwatar da ita.

Zuwan lantarki

Sabon babin taƙaddamar shi ne na lantarki. A 2020 Chevrolet ya nuna wata tsohuwar Blazer ta 1977 da aka mayar mai aiki da batir, a 2021 kuma Ford ya fara sayar da injin lantarki mai suna Eluminator, mai dawaki 281, domin masu irin wannan aiki. Tun kafin haka, a watan Oktoban 2019, ƙungiyar tsofaffin motoci ta duniya, FIVA, ta bayyana cewa ba ta ɗaukar motar da aka mayar ta lantarki a matsayin ta tarihi. A wajen masu motoci masu ƙwanji batun ya fi zafi, domin rurin injin silinda takwas na daga cikin abin da suke saye da kuɗinsu.

Wannan na zuwa ne a daidai lokacin da jikokin waɗannan motoci ke ƙarewa. An rufe Plymouth a 2001, Pontiac kuma a 2010. A watan Disamban 2023 Dodge ya ƙera Challenger ta ƙarshe, Chevrolet ya dakatar da Camaro bayan samfurin 2024, sabuwar Charger kuma ta fara fitowa ne a 2024 da batir.

A tsakanin ɓangarorin biyu, wata al'ada ta samu karɓuwa a wajen masu sana'ar da dama. Motar da ba ta da yawa, ko mai takardun tarihi da lambobi daidai, akan bar ta yadda take. Motar gama-gari kuwa akan zamanantar da ita, amma a fifita kayan da ake ɗaurawa da ƙusa a kan waɗanda sai an yanka an yi walda, ta yadda wani mai motar a nan gaba zai iya kwance su. Ita ma FIVA shawarar da ta bayar ke nan ga masu sauya inji: a yi aikin ta yadda za a iya warware shi, a kuma adana kayan asali da alama a jikinsu. Shi ya sa a gareji da yawa a Amurka akan ga tsohon injin a lulluɓe a wani lungu, an zuba masa mai a silinda don kada ya yi tsatsa, kuma idan aka tashi sayar da motar, tare da shi ake sayarwa.